Gwaggona da Golan Rasha

Ranar da muka fara zaman makokin Gwaggo, falonmu na Hayyin Ashir bai ɗauki mutane ba. Mata suka cika shi, suka cika ɗakin kwana, wasu suka shimfiɗa tabarma a kan matattakalar bene, bawwab mai gadin gidan yana ta tsallake ƙafafu yana cewa ma'alish, wato a yi haƙuri. Ban san Gwaggo ta tara jama'a haka ba, alhali shekara biyu da 'yan watanni kawai ta yi a Alƙahira.

Wata 'yar Sudan mai goyo ta shigo, ko sallama ba ta iya yi ba, ta zube a gabana ta kwance goyon ta ɗora mini jaririya a cinya.

"Sunan Gwaggonki ta ci," ta ce. "Da Daktora ba ta tsaya a kan likita ya sake duba ni ba, da ni aka yi wa wannan zaman."

Khala kuwa, dattijuwar da ke zaune a hawa na ƙasa, Bahaushiyar Sudan ce, ita ta yi wa Gwaggo wanka. Ban ga hawayenta ba. Tana ta kai-kawo da tiren shayi, sai da ta zo kusa da ni ta ce a hankali, "Yau da safe kofi biyu na zuba. Sai da na ɗauko sukari na tuna." Ta wuce abinta. Baba ya kira daga Funtuwa, shi ne ƙanin Gwaggo. Ya ce, "Kina kusa da ita lokacin da ta cika?" Na ce ina riƙe da hannunta. Ya ce, "To, alhamdulillahi," ya kashe wayar.

Da za a fara karatu, wata ƙawata mai nazarin shari'a ta raɗa mini cewa ya kamata a sauke hoton da ke bango. Hoton wani Bature ne cikin jar riga, fuskarsa a bayan ragar ƙarfe, ƙafafunsa a naɗe da wasu manyan matasai, ya ɗan durƙusa riƙe da sanda mai faɗin baki. Wata tsohuwa ta ƙura masa ido ta ce, "Allah sarki, mijin nata ke nan?"

Khala ta ajiye tire. "Mijinta baƙi ne wuluk kamar ni. Wannan golanta ne."

Dariya ta ƙwace wa waɗanda suka san zancen, wasu suna yi suna share ido. Na sauke hoton, don Gwaggo da kanta takan kife shi in za ta yi salla. Amma na ga rabin matan nan sun san Daktora ne kawai, mai raka su asibiti, ba su san matar da na zauna da ita ba. Shi ya sa nake rubuta wannan, kafin ni ma abubuwan su fara shige mini duhu.

Kafin ta zo Masar, Gwaggo labari ce a wurina. A gidanmu ana cewa ita ce yarinyar da Kaka, wanda malamin asibiti ne, ya bari ta tafi Rasha karatun likita tun ƙasar ana ce mata Tarayyar Sobiyet, har wasu dangi suka yi fushi da shi. A can ta haɗu da wani Bahaushen Sudan mai karatun injiniya, suka yi aure, ta bi shi Khartoum, ta zama likitar mata. Allah bai ba su haihuwa ba. Ya rasu ya bar ta, ta ci gaba da aikinta har yaƙi ya ɓarke. Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a a Giza, ina zaune da ɗalibai a Hayyi Sabi'. Baba ya kira ya ce, "Gwaggonki tana hanya. Ki je ki tarbe ta, kuma daga yau ke ce 'yarta."

Na tarbi wata doguwar tsohuwa siririya da jaka ɗaya tak, ƙafafunta sun kumbura saboda kwanakin da ta yi a mota. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Hancin Kakanki ne. Yalla, mu je."

Ba ta da takardar yin aikin likita a Masar, kuma ba ta taɓa rubuta wa kowa magani ba. Abin da take yi shi ne raka mata. Mai ciki za ta ƙwanƙwasa ƙofa da takardun gwaji a leda, Gwaggo ta sa tabarau ta karanta, ta ɗauki mayafi. Ta iya Larabcin Sudan, ta iya na Masar, ta iya harshen likitoci, kuma ba ta jin kunyar tambaya sau uku. Ba ta karɓar komai sai in an kawo mata busasshiyar kuɓewa. Tana da wasu ɗabi'u da suka ba ni mamaki da fari. Shayinta ba madara, sai ta ɗebi jam a cokali tana lasa tana kurɓa. In abu ya ɓata mata rai, da Rashanci take mita. Sanyin Alƙahira da ke sa mu rawar ɗari, ita taga take buɗewa ta ce, "Wannan ai iska ce mai daɗi."

Zancen golan ya fara ne ranar da ta same ni ina kallon ƙwallon ƙafa a waya. Ta leƙa ta ce, "Waɗannan tafiya suke ko wasa?" Ta zauna ta kwatanta mini ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda suke ce wa hoki: fili ne na ruwa da ya daskare, maza sanye da takalma masu kaifi a ƙasa suna sulɓi a kai kamar walƙiya, abin da suke bugawa kuma wani ɗan faifan baƙin roba ne mai tauri, in ya samu haƙori sai ya cire shi. A bakin raga mutum ɗaya ne yake tsaye yana tare wannan abu da jikinsa.

Injiniya, haka take kiran mijinta, shi ya fara kai ta. Ya yi layi cikin sanyi har yatsunsa suka sandare kafin ya samu tikiti biyu. "Ni ban gane komai ba," ta ce. "Ko faifan ba na iya gani. Sai na bar masu gudu na kama kallon wanda ba ya gudu. Kowa yana haukansa, shi yana nan kamar an dasa shi. Sai ki ga hannunsa ya ɗaga, abin yana ciki. Yaushe ya gani? Allah kaɗai ya sani."

Ta san tarihinsa kamar ɗan ɗakinsu. Tun yana matashi ƙwarai aka ba shi ragar ƙasarsu, ya riƙe ta shekara da shekaru. Ƙungiya ɗaya ya yi wa wasa daga farko har ƙarshe. Masu ƙungiyoyin ƙetaren teku sun so shi ƙwarai, hukumar ƙasarsa ba ta sake shi ba, ya ajiye sandarsa da sauran ƙarfinsa. Abin da ya fi burge ta shi ne atisayensa. Ta ce ko ba a fili ba, yana tafe yana jefa ƙananan ƙwallaye a bango yana cafewa, don ido da hannu su saba. "Mutane suna cewa baiwa ce. Baiwa tana nan, amma wahala ya sha. Duk daren jarrabawar da na ji kamar in tattara in koma Funtuwa, sai in ce wancan yaron ma yana can yana jifan bango."

Na taɓa tsokanarta na ce, "Gwaggo, anya Injiniya bai yi kishi ba?"

Ta harare ni. "Shi ya fi ni haukansa. Kuma ki ji da kyau, ni ban san mutumin nan ba. Ban san halinsa a gida ba, abin da ya shiga bayan ya daina wasa kuma ba ruwana. Aikinsa na gani. In kin ga mai aiki ya iya aikinsa, ki yaba, ko ba ya sallarku."

Shekarar da na faɗi wani darasi aka ce sai na maimaita, na kwana biyu ba na cin abinci. Ba ta lallashe ni ba. Ta zauna a bakin gado ta ce akwai wani babban wasa da aka yi a Amurka, kocinsu ya fusata ya cire golan tun wasa bai yi nisa ba, ya zaunar da shi a benci duniya tana kallo, kuma suka sha kashi. "Mun yi kuka a ɗakin kwanan ɗalibai, har da mu baƙi. Kin san abin da ya yi? Ya koma atisaye. Shekarar da ta biyo babu wanda ya iya da shi." Ta ture mini kwanon miya. "Ci. Benci ba kabari ba ne."

Yanzu zan faɗi abin da na yi mata, don in na ɓoye shi wannan rubutu ya zama ƙarya.

Ana saura kwana uku Babbar Salla, Gwaggo ta raka wata mata asibiti, ni kuma na ce bari in yi mata bazata da share gida. A saman kabad ɗin ɗakinta akwai tarkacen da wanda ya zauna a gidan kafin mu ya bari: fanka marar kai, wayoyin wuta, tsofaffin mujallu. A cikinsu na ga wani gwangwanin madara mai tsatsa, na buɗe na ga kaset-kaset guda shida na rediyo, an yi rubutu a jikinsu da wasu haruffa da biro ya kusa gogewa. Ban tsaya dubawa ba. Mu da ba mu da ko rediyon saka kaset? Daidai lokacin mai sayen tsofaffin kaya yana wucewa da kekensa yana kiran "bikya, bikya". Na kira shi na ce ya kwashe duka. Har daɗi na ji da ya rage mini aiki.

Ta dawo bayan la'asar. Ta shiga ɗaki, sai na ji ƙarar jan kujera. Na leƙa na same ta tsaye a kan kujerar, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana shafa saman kabad da tafin hannu.

"Ina gwangwanin?"

Na gaya mata. Ta sauko a hankali ta zauna a kan kujerar. Sannan ta ɗago ta ce, "Yaƙi bai raba ni da shi ba. Sai ke."

Ban gane ba, kuma ban samu fuskar tambaya ba. Na sauka wurin Khala ina kuka. Ita ta gaya mini. Lokacin suna ɗalibai, Injiniya yana da ɗan rikoda. In ana nuna wasa a talabijin ɗin ɗakin taron ɗalibai, sai ya ajiye shi a gaba ya naɗi muryar mai sharhi. Amma rikoda ba ya zaɓe, duk abin da ke ɗakin yake ɗauka. A cikin kaset ɗin nan akwai muryar Injiniya yana ihu da Hausa, akwai dariyar Gwaggo tana budurwa. Ranar da ta gudu daga Khartoum ta bar takardun shaidarta na bango, ta bar zinarenta, ta ɗauki gwangwanin nan ta sa a tsakiyar zannuwa. Rikodan ne bai shiga jaka ba. Ta gaya wa Khala cewa tana so ta samu wani, amma tana tsoron ranar da za ta sake jin muryar.

Na bi unguwa ina tambayar mai keken. Na same shi washegari a bayan kasuwa. Mutumin kirki ne, ya zazzage buhunansa a gabana, ya ce ƙarfe ya sayar, abin da ba ƙarfe ba kuma ya wuce wurin wani. Juma'a biyu ina shiga mikrobas, ƙaramar motar haya, zuwa kasuwar tsofaffin kaya, ina tsugunawa gaban duk mai tulin kaset ina juya su ɗaya bayan ɗaya. Waƙoƙin Masar ne da wa'azi. Ko ɗaya ban samu ba.

Mun yi Salla kamar baƙi. Ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. Tana dafa abinci ta ajiye mini nawa a rufe. Da abin ya kai mako biyu na kasa jurewa, na haɗa kayana da nufin komawa wurin ƙawayena a Hayyi Sabi'. Ina jan jaka zuwa ƙofa da hantsi, ta yi magana daga kan sallaya, ba ta ko juyo ba.

"Ajiye jakar nan."

Na ajiye.

"Zo nan." Na durƙusa a gabanta. Ta ce, "Abin da kika yi, ba ki sani ba. Abin da na faɗa miki, ina sane na faɗa, don ya yi miki zafi. Nawa ya fi naki muni. Ki yafe mini."

Na ce, "Gwaggo, ni ce zan roƙe ki."

"Na riga ki. Khalas, ya wuce." Ta share mini fuska da gefen mayafinta. "Kuma laifina ne da na ɓoye abu a cikin shara kamar ɓera. Tashi ki ɗora mana shayi."

Bayan 'yan kwanaki na yi ƙarfin hali na ce ta rubuta mini sunan golan da haruffansu. Na bincika a waya, sai ga tsofaffin wasanninsa, hoton yana rawa, launin ya koɗe. Na jingina wayar da kwalbar jam na kunna mata ɗaya. Da mai sharhi ya ɗaga murya sai ta kama hannuna.

"Wannan ne. Muna da wannan a kaset. Tsaya, yanzu za su taho masa su biyu." Suka taho, ya faɗi ya tare. "Nan Injiniya ya ce, 'Kai, ɗan tsohuwa, ka gama mini komai!'" Ta faɗe shi da wata murya mai kauri, da karin Hausar Sudan, har da buga cinya. Can gaba ta ce, "Nan ya kifar da shayi a kan rigar wani ɗan Kuba." Can kuma, "Nan na ce masa ya zauna yana kare wa mutane." Ta bi wasan nan tun daga farko har ƙarshe, tana saka maganar mijinta a inda take, ba ta yi kuskuren wuri ko sau ɗaya ba. Tana dariya hawaye yana bin kuncinta. Ni ban taɓa ganin Injiniya ba, amma ranar na ji shi.

Ba ta ce wannan ya maye abin da ya ɓata ba, kuma na san bai maye ba. Daga baya na kai hoton golan shago aka wanke mini shi babba, na sa a firam. Ta dube shi ta ce, "Kin zaɓi wanda bai fito da kyau ba," sannan ta nuna mini inda zan buga ƙusa.

Ciwon ya zo mata a cikin hunturu. Ita ta fara ganewa, ta karanta takardar gwajinta da tabarau kamar ta wata, ta ninke ta ce, "Tamam, shi ke nan. Kada ki gaya wa babanki sai na shirya yadda zan faɗa masa." Da Baba ya ji, ya ce a kawo ta gida. Ta karɓi wayar ta ce, "Ƙanina, ƙasar Allah ɗaya ce. Inda na faɗi a nan za a rufe ni. Kuɗin jirgin ka yi wa yarinyar nan hidimar karatu da shi." Mako uku ta yi a asibiti. Matan da ta saba rakawa su suka riƙa karɓa-karɓa a bakin gadonta, har ma'aikatan suka ɗauka wata babba ce a ƙasarsu.

Ana saura kwana biyu ta rasu, da safe, bayan na goge mata jiki na ba ta ruwa a cokali, ta buɗe ido ta ce, "Wai yana raye kuwa?"

Na ce, "Wa?"

"Golan."

Na duba waya na ce yana nan da ransa. Na nuna mata hotonsa na yanzu, dattijo mai furfura cikin kwat, jiki ya yi nauyi. Ta ce in matso da shi. Ta daɗe tana kallo, sai ta yi 'yar dariyar da ta sa ta tari.

"Shi ma ya tsufa. Dubi wuyansa." Ta rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai na ji ta ci gaba a hankali. "Ina yarinya, ba uwa ba uba a kusa, rana ba ta fitowa, ba mai jin yarena sai mutum ɗaya. Wannan bawan Allah ya sa ni farin ciki, bai ma san an halicce ni ba. Allah ya shirye shi, ya sa ya gama lafiya."

Na ce amin.

"Ke ma ki yi wa wani haka," ta ce. "Ba sai ya san sunanki ba."

Ta cika ranar Talata bayan azahar, kalmar shahada a bakinta, Khala tana gefe ɗaya ina gefe ɗaya. Ɗalibai 'yan ƙasarmu da maza 'yan Sudan suka yi mata salla a masallacin unguwa, aka kai ta maƙabartar da ke bayan gari, nesa da Funtuwa inda aka haife ta, nesa da Khartoum inda mijinta yake kwance.

Ya Allah, Gwaggo ta yi baƙunta a ƙasa uku, kuma a kowacce ta tsaya wa wanda ba shi da mai tsaya masa. Ka karɓi baƙuncinta, baƙuncin da babu kaɗaici a cikinsa. Ka yafe mata kurakuranta kamar yadda ta riga ni neman gafara alhali ni na yi mata ɓarna. Ka haskaka kabarinta, ka haɗa ta da mijinta a Aljanna, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.